Danshin iskar numfashi ga majinyacin da ake yayewa daga na'ura

A ɗakin kula da masu tsananin rashin lafiya, wanda ma'aikatan asibiti a Nijar ke kira réanimation, ranar da aka zare wa majinyaci tiyon numfashi daga maƙogwaro rana ce ta murna ga dangi. Likitoci kuwa ba sa sakin jiki sai an kwana biyu ko uku, domin a cikin waɗannan kwanaki ne ake sanin ko huhunsa zai riƙe aikin ko sai an mayar da tiyon. Cikin kowane mutum 10 da aka cire wa tiyo, ɗaya zuwa biyu sukan koma kan na'ura. Dalilan suna da yawa, daga raunin tsokokin numfashi zuwa ciwon zuciya da kumburin maƙoshi. Akwai kuma wanda ba a cika yi wa dangi bayaninsa ba, wato kaki mai kauri da ya bushe ya toshe hanyar iska. Rigakafinsa shi ne a ɗumama iskar da majinyaci ke shaƙa, a ƙara mata danshi kafin ta isa huhu.

Maganar ta shafi mutanen Madarunfa, ko da yake na'urar taimaka wa numfashi kayan manyan asibitoci ce. Wanda ya yi haɗari a hanyar Ɗan Isa, ko mai juna biyu da jijjiga ta kama, ko manomin da gubar maganin ƙwari ta shiga jikinsa, ko mai ciwon sarƙe haƙora, yakan fara ne daga cibiyar lafiya ta CSI, a tura shi asibitin gunduma, daga nan zuwa Maraɗi mai nisan kilomita 20 da ɗoriya, wani lokaci har Yamai. Idan ya samu sauƙi, ta hanyar da ya bi zai komo, kuma sauran jinyar a hannun iyalinsa za ta ƙare, cikin iskar da ba ta da danshin kirki fiye da rabin shekara.

Aikin da hanci ke yi

Huhu ba ya karɓar iska yadda take a waje. Kafin ta kai can ƙasa, ɗan gaba da inda maƙogwaro ya rabu biyu, sai ta kai zafin jiki, digiri 37 a ma'aunin Celsius, ta kuma ƙoshi da ruwa. A wannan zafi, lita ɗaya ta iska tana ɗaukar miligiram 44 na ruwa. Hanci da maƙoshi ne suke yin mafi yawan wannan aiki. Cikin hanci akwai lungu-lungu da aka lulluɓe da fata mai laushi, cike da jijiyoyin jini, kuma kullum a jiƙe take. Iska tana bi ta kanta, ta ɗebi zafi da ruwa. In za ta fita kuma, sai ta bar wani kaso na abin da ta ɗiba, yadda numfashin da ke biye zai amfana da shi.

Yawan aikin ya danganta da yanayi. A watan Agusta, lokacin da Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, tafkin Madarunfa ya cika, iska mai zafin digiri 28 da danshi kashi 80 cikin 100 tana ɗauke da kusan miligiram 22 a kowace lita, wato rabin aikin an riga an yi shi. A tsakiyar hunturu kuwa, idan zafin rana ya kai digiri 30 danshi ya sauka zuwa kashi 15, abin da ke cikin lita bai kai miligiram 5 ba. Baligi yana shaƙar wajen lita 10,000 a kwana ɗaya, don haka hanyar numfashinsa za ta zuba kimanin mililita 400 na ruwa don cike giɓin. Shi ya sa da hunturu leɓe ke tsagewa, yara ke yin haɓo, maƙoshi ke ƙaiƙayi, duk da cewa hanci yana bakin aikinsa.

Ruwan nan yana da wani amfani da ya fi hana ƙaiƙayi. Bangon maƙogwaro da rassansa a rufe yake da ƙananan gashi-gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa fiye da sau 10 a sakan ɗaya. A samansu akwai majina siririya da ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta, su kuma suna tura ta sama a hankali har ta iso maƙoshi, a haɗiye ko a tofar. Majinar sai tana da ruwa-ruwa take tafiya. Da zarar ta bushe, gashin ya maƙale, shara ta tsaya.

Idan aka tsallake hanci

Tiyon da ake zura wa majinyaci ta baki yana wuce hanci da maƙoshi gaba ɗaya, ya sauke iska kai tsaye cikin maƙogwaro. Haka ma ƙofar da ake hudawa a gaban wuya ga wanda zai daɗe kan na'ura, wadda likitoci ke kira trachéotomie. Ga shi kuma iskar oksijin da ke fitowa daga tukunyar ƙarfe ko bututun bango kusan babu ɗigon ruwa a cikinta, don da gangan ake busar da ita a masana'anta. Ko hunturun da ya fi tsanani bai kai ta bushewa ba.

Cikin ƴan awoyi ɓarnar take farawa. Gashin ya rage kaɗawa, fatar ciki ta yi rauni ta fara tsagewa, kaki ya yi kauri kamar ƙaro, daga baya ya yi ɓawo. Ɓawon yana iya toshe ƙaramin reshe, sai ɓangaren huhun da ke bayansa ya lotse, ya zama wurin da ƙwayoyin cuta za su yi sansani. Yana iya kuma manne wa cikin tiyon kansa. Faɗin ramin tiyon baligi milimita 7 zuwa 8 ne kawai, na jariri kuma bai wuce 3 zuwa 4 ba, saboda haka ɗan kaki kaɗan ya isa ya mayar da numfashi aikin wahala. Majinyaci yana kuma asarar zafin jiki ta wannan hanya, abin da ya fi illa ga jarirai.

An koyi darasin ne tun farkon wannan fanni. A shekarar 1952 annobar shan inna ta afka wa Copenhagen, babban birnin Danmak, inda likita Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda wuyan waɗanda numfashinsu ya shanye, a riƙa hura musu iska da jakar roba. Ɗaruruwan ɗaliban likitanci suka yi ta karɓa-karɓa suna matsa jakunkunan da hannu dare da rana, mace-mace suka ragu ƙwarai. Daga nan ɗakunan réanimation suka samo asali, kuma tun daga lokacin tsotse kaki da hana shi bushewa suka zama aikin yau da kullum a cikinsu. A ƙarshen shekarun 1960, a birnin Auckland na New Zealand, likita Matt Spence da injiniyoyin da suka yi aiki tare da shi sun gwada samfurin farko na tukunyar ɗumama iska da kwalbar adana abinci irin ta ɗakin girki. Kamfanin Fisher & Paykel ya ci gaba da ƙera ta, kuma jikokinta ne ake gani yau a gefen gadajen asibitoci da dama.

Hancin roba da tukunyar ruwa

Hanyoyi biyu ake bi ga wanda ke da tiyo a maƙogwaro. Ta farko ita ce hancin roba, nez artificiel da Faransanci. Ɗan ƙoƙo ne na roba da aka cusa wa soso ko takarda mai lanƙwasa-lanƙwasa, ana maƙala shi a bakin tiyo. Idan majinyaci ya fitar da numfashi, sosan ya riƙe zafi da danshi. Idan ya ja, iskar ta kwashe su ta mayar ciki. Duk wanda ya taɓa ja amawalin rawani ya rufe hanci da baki a cikin hazo ya san dabarar, domin ƙyallen yakan ɗan jiƙe da numfashi, iskar da ke ratsa shi ta yi laushi. Raƙumi ma da irin wannan hanci aka halicce shi, yana ƙwato ruwa daga numfashinsa kafin ya fita. Hancin roba mai kyau yana mayar da aƙalla miligiram 30 a kowace lita. Ba ya buƙatar wuta ko ruwa, ba shi da tsada idan aka kwatanta, shi ya sa ya dace da motar ɗaukar marasa lafiya da ɗakin tiyata.

Yana da iyakarsa. Idan kaki ya yi yawa ko yana haɗe da jini, sosan yakan toshe. Idan jikin majinyaci ya yi sanyi ƙwarai, ƙasa da digiri 32, babu zafin da zai adana. Sannan ƙoƙon yana riƙe wani ɓangare na iskar da aka fitar, majinyaci ya sake shaƙarta. Ga mai ƙarfi wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya yi makonni a kwance, tsokar numfashinsa ta rame, ɗan ƙarin nauyin yana iya zama abin da zai kayar da shi a gwajin yaye.

Hanya ta biyu ita ce tukunyar ɗumama iska. Ƙaramar tukunya ce mai ruwa, tana zaune kan farantin lantarki, iskar na'ura tana ratsa saman ruwan ta ɗebi tururi. Ƙa'idar da ƙungiyar masu kula da numfashi ta Amurka ta fitar a 2012 ta ce iskar ta isa bakin tiyo da zafin digiri 34 zuwa 41, da danshin miligiram 33 zuwa 44 a lita. Wannan ta fi kusa da aikin hanci na gaskiya, kuma ita ake zaɓa ga mai kaki mai kauri da jarirai. Matsalarta raɓa ce. Idan iskar ta huce a cikin dogon tiyo, ruwa yakan taru a ƙasansa, kuma ruwan nan ƙazantacce ne. Ma'aikacin jinya yana zubar da shi waje, ba a barin ya gangara wajen majinyaci ko ya koma tukunya. Ba a kuma haɗa hanyoyin biyu a lokaci guda, domin tururin zai jiƙa sosan ya toshe shi.

Wacce ta fi? Bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2017 kan gwaje-gwajen da aka tara ba ta sami wani bambanci bayyananne tsakaninsu ba wajen toshewar tiyo, ciwon huhu ko mutuwa. Zaɓin yana komawa ne ga halin majinyaci da abin da asibiti ke iya riƙewa.

Yaye

Kalmar da likitoci ke amfani da ita, sevrage, daidai take da yaye na Hausa, kuma kamar yayen yaro, ba a yin sa da gaggawa. Sai ciwon da ya kawo majinyaci ya lafa, ya farka, yana iya tari, buƙatarsa ta oksijin ta ragu. Daga nan a gwada shi na minti 30 zuwa awa biyu yana numfashi da kansa, tiyon yana nan, na'ura tana ba da ɗan taimako ko an cire ta gaba ɗaya. A duk tsawon gwajin hanci bai dawo aiki ba, saboda haka danshi wajibi ne. Wanda aka huda wa wuya yakan yi kwanaki ana ƙara masa awoyin da yake yi ba na'ura, kuma a waɗannan awoyi ne aka fi mantawa, a jona masa busasshiyar oksijin a bakin ƙofar wuya.

Bayan an zare tiyo hanci ya karɓi aikinsa, amma ya tarar da gida a hargitse: maƙoshi a kumbure, tari ba ƙarfi, kaki ya taru. Oksijin kaɗan ta siraran tiyo biyu na hanci ba ya fin ƙarfinsa. Idan aka ƙara gudu, bushewa da zafi a hanci suna sa majinyaci ya riƙa fizge abin daga fuskarsa. Don haka aka ƙirƙiro wata na'ura da ke tura iska mai yawa ta hanci, har lita 60 a minti ɗaya, a ɗumame kuma cike da danshi. Ba don danshin ba, babu wanda zai jure irin wannan gudu.

An gwada amfaninta. A wani bincike da likita Gonzalo Hernández da abokan aikinsa suka yi a Sifaniya, wanda mujallar JAMA ta buga a 2016, an raba majinyata 527 da ba su cikin haɗari sosai gida biyu. Cikin waɗanda aka ba iska mai gudu da danshi, kashi 4.9 cikin 100 aka mayar wa tiyo a cikin awa 72, a kan kashi 12.2 na waɗanda aka ba oksijin yadda aka saba. A 2019 kuma wani binciken a Faransa, ƙarƙashin Arnaud Thille na Poitiers, ya duba majinyata 641 masu haɗari, kamar tsofaffi da masu ciwon zuciya ko huhu. Waɗanda aka haɗa wa wannan na'ura da takunkumin da ke matsa iska, kashi 11.8 suka koma kan tiyo cikin mako guda, a kan kashi 18.2 na waɗanda aka bari da ita kaɗai. Komawa kan tiyo ba ƙaramin abu ba ne, domin yana tafe da ƙarin kwanaki, ƙarin kuɗi da ƙarin haɗarin mutuwa.

Alƙaluman na asibitocin Turai ne, inda ba a tunanin wuta ko ruwa. A nan lissafin daban yake. Majinyaci ɗaya da ke karɓar lita 50 a minti, kashi 40 cikinta oksijin, yana cin kusan lita 12 na tsantsar oksijin kowane minti. Injin tace oksijin da ake gani a asibitocin gunduma lita 5 ko 10 yake bayarwa, babbar tukunya mai lita 7,000 kuma ba za ta kai awa 10 ba. Na'urar tana shan ruwa mai tsarki lita 2 zuwa 3 a kwana, kuma da wuta ta ɗauke farantin zai huce. Mutanen Maraɗi da Damagaram, waɗanda wutarsu ke zuwa daga Najeriya ta Katsina, sun ga abin da hakan ke nufi lokacin da aka yanke ta a watan Agustan 2023. Asibitin da zai sayi irin wannan na'ura sai ya fara lissafa janareto ko hasken rana, da ruwan da zai zuba mata, kafin ya yi maganar kuɗinta.

Kwalbar da ke ɓulɓula

Abin da mafi yawan mutanen Madarunfa suka sani da idonsu shi ne ƙaramar kwalbar ruwa da ke maƙale jikin injin oksijin, tana ɓulɓul, wadda ma'aikata ke kira barboteur. Iyayen da suka yi jinyar yaro a sashen yara na asibitin gundumar, inda ƙungiyar likitocin MSF ta daɗe tana aiki tare da ma'aikatar lafiya, musamman a watannin zazzaɓin cizon sauro da tamowa, sun saba da irin kayan nan. Da yawa suna ɗauka ɓulɓular ita ce shaidar magani yana shiga, har sukan damu idan suka ga yaronsu babu kwalba.

Gaskiyar ita ce ruwan kwalbar sanyi gare shi, danshin da yake bayarwa kaɗan ne, bai kusa isar wanda ke da tiyo ko ƙofa a wuya ba. Littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 kan ba yara oksijin ya nuna cewa ba a buƙatar ƙarin danshi idan ana ba da ita a gudun da aka saba ta siraran tiyon hanci, tunda hancin yaron yana aikinsa. Inda ake buƙata shi ne idan an zura tiyo har bayan hanci, ko an ƙara gudu sosai, ko an tsallake hanci baki ɗaya. Kwalbar da ba a wanke ba kuwa ta fi rashinta illa. Ruwan da ya kwana a ɗaki mai zafi gida ne ga ƙwayoyin cuta irin su Pseudomonas, kuma iskar za ta kwashe su zuwa huhun da ya riga ya raunana. Ana sauya ruwan kowace rana, da tataccen ruwan asibiti ko wanda aka tafasa ya huce. Mai jinya da ya ga ruwan ya ja baya, ya kira ma'aikaci. Kada ya ƙara daga buta ko ledar ruwan sha.

Komawa gida da ƙofa a wuya

Wasu ana sallamarsu da ɗan guntun tiyo a wuya, wanda ake kira canule, na makonni ko watanni. Irin wannan mutum numfashinsa ba ya bi ta hanci, ko yana zaune a zaure ko yana kan babur, kuma idan sallamar ta faɗo tsakanin Nuwamba da Afrilu, ƙura da bushewa suna shiga huhunsa ba shamaki. Akwai ƙaramin hancin roba da aka yi domin bakin canule, ana sauya shi kullum ko da zarar kaki ya ɓata shi. Inda ba a samu ba, ana rataya tsabtataccen ƙyalle mara gashi ko bandejin asibiti a gaban ƙofar, a ɗan jiƙa shi da ruwan da aka tafasa ya huce, a sake jiƙawa in ya bushe. Auduga ba ta dace ba, domin zarenta yana shiga ciki. Shan ruwa isasshe, in likita bai hana ba, yana sa kaki ya yi laushi. Yayyafa ruwa a daɓe kafin shara da rataya jiƙaƙƙen zane a taga suna rage ƙura.

Sirace, wanda aka saba yi wa mai mura, bai dace da shi ba. Tururin tafasasshen ruwa yana iya ƙona fatar maƙogwaro tunda babu hancin da zai rage zafinsa, ga haɗarin kifewar tukunya a kan yara. Turaren wuta, hayaƙin murhu da maganin sauro na ƙonawa duk suna ƙara kaki, gara a nisanta su da ɗakinsa. Wajen wanka a kiyaye kada ruwa ya shiga ƙofar, shiga tafki ko kwalekwale kuma sai an rufe ta.

Toshewa takan ba da alama kafin ta kammala. Kaki yana komawa kauri ko ya fito da ɓawo da jini-jini, ana jin fito ko gurnani daga bakin canule, majinyaci yana zufa da rashin natsuwa, fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa idan ya ja numfashi, leɓe da harshe suna yin duhu. Yawancin canule na manya suna da ɗan tiyo na ciki da ake zarewa a wanke, kuma zare shi nan take sau da yawa yana buɗe hanya. Kafin a bar asibiti, ya kamata mutum biyu a gidan su koyi yin hakan da hannunsu a gaban ma'aikacin jinya, su kuma tambaya a ba su na ajiya. Idan an zare an wanke numfashi bai daidaita ba, a nufi asibiti mafi kusa a lokacin, ko da tsakar dare ne, majinyaci yana zaune a jingine, ƙofar wuyansa a buɗe ba a danne ta da mayafi ba.